Hatimin Sirri a Kan Takarda: Wa Ya Cancanci Ɗauri, Wa Doka Ta Kare?

Yawancin aikina na lauya a yankin Dambatta, Makoda, Kunchi da Bichi rikicin iyakar gona ne da rabon gado da jingina. Amma a 'yan shekarun nan akwai tambayar da ke yawan zuwa mini, galibi bayan sallar isha'i, galibi kuma daga ƙananan ma'aikata: akawu, malamin gona, mai kula da sito, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Mutum ya ga wata takarda a ofis ta hana shi barci, wayarsa na aljihu, ɗaukar hotonta ba zai ci masa minti guda ba. Sai ya ce, "Barista, in na fitar da ita, ɗaure ni za a yi?" Na ga ya dace in amsa a fili, domin tsoron da ake cusa wa mutanenmu a kan wannan batu ya zarce abin da doka ta faɗa, a wani ɓangaren kuma sakacinmu ya zarce abin da hankali zai ɗauka.

Wani malamin gona ya taɓa zuwa wurina ana dab da faɗuwar damina, daga wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba. An ba shi jerin sunayen waɗanda aka ce sun karɓi takin zamani na tallafi domin ya sa hannu. Yana bin sunayen da yatsa sai ya ci karo da sunan ƙanin mahaifinsa, wanda da shi aka kai shi makwancinsa shekaru da suka wuce, ga kuma dangwalen yatsa a gaban sunan. Can ƙasa ga sunayen yaran da ba su isa riƙe fartanya ba. Da ya yi magana, sai na gaba da shi ya nuna masa jan hatimin da ke saman takardar, ya ce, "Malam, ka tuna ka yi rantsuwar riƙe sirri. Shekara goma sha huɗu ce hukuncinta." Bawan Allah nan ya iso ofishina hannunsa na rawa, ko ruwan da aka kawo masa bai iya sha ba. A ƙasar da gona ke manne da gona, babu saura babu hutu, duk wanda ya rasa taki a makonnin farko ya san abin da zai tarar a rumbunsa da kaka. Wannan ne abin da ake so ya rufe da sunan sirrin gwamnati.

Shekara 14 ɗin gaskiya ce, tana cikin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Abin da ba a gaya wa ƙananan ma'aikata shi ne yadda dokar da kanta ta fayyace abin da take karewa. Sharaɗi biyu ta gindaya, kuma sai sun haɗu: bayanin ya kasance gwamnati ta sa shi cikin waɗanda ba a bayyana wa jama'a, sannan bayyana shi ya kasance zai cutar da tsaron Najeriya. Jerin sunayen masu karɓar taki, ko takardar biyan ɗan kwangilar da bai haƙa rijiyar burtsatse ba, ko lissafin magungunan da ba su isa asibiti ba, ta ina fitarsu za ta taɓa tsaron ƙasa? Mai kaza a aljihu ne dai ba ya jimirin as.

Sannan a ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Sashe na 27 na wannan doka ya ce Dokar Sirri ba za ta yi aiki a kan ma'aikacin da ya bayyana wani bayani ba, ko da ba a ba shi izini ba, matuƙar yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda cewa bayanin na nuna karya doka, ko almubazzaranci da zamba da cin amanar ofis, ko wani haɗari ga lafiyar jama'a. Wanda ya karɓi bayanin ya yaɗa shi ma an kare shi. Sashe na 28 ya ƙara da cewa buga wa takarda hatimin sirri ba ya hana a bayyana ta. An daɗe ana jayayya ko dokar ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Afrilu na 2025 cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ke nan sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta fita daga cikinta ba.

Mu a Kano ba baƙi ba ne a wannan magana. A watan Satumba na 2013, Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya rubuta wa Shugaba Jonathan cewa kamfanin mai na ƙasa bai saka dala biliyan 49.8 a asusun tarayya ba. Wasiƙar ta fito fili a ƙarshen shekarar, aka yi ta ja-in-ja a kan adadin har ya dawo dala biliyan 20, aka kuma dakatar da shi a watan Fabrairu na 2014 bisa wasu zarge-zarge daban. Ko mutum yana sonsa ko ba ya sonsa, da wasiƙar nan ta kwana a durowa da talaka bai taɓa jin zancen ba. Haka a watan Janairu na 2024, wata takarda da ta ɓulla ta nuna an nemi a tura naira miliyan 585 na ma'aikatar jinƙai zuwa asusun wani mutum, kuma cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya dakatar da minista Betta Edu. Abin da ya ba ni takaici shi ne, ba a jima ba sai ga gargaɗi daga manyan ofisoshin Abuja cewa duk ma'aikacin da ya ƙara fitar da takarda zai gamu da hukunci. An bar jaki ana dukan taiki.

To amma kada wani ya ɗauka ina cewa kowane mai fallasa gwarzo ne. Akwai fallasar da ni kaina zan tsaya gaban alƙali in nemi a hukunta mai ita. A ƙarshen 2025 mun ga yadda 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga ɓangaren Katsina suna kai hari ƙauyukan Tsanyawa da Shanono. A irin wannan yanayi, wanda ya zauna a taron tsaro tare da hakimi da dagatai da jami'ai, ya fito ya tura wa wani ranar da za a yi sintiri da hanyar da motoci za su bi, ko sunan makiyayi ko manomin da ke kai wa hukuma rahoto, wannan ya sayar da rayuka. Ko kuɗi ya karɓa a matsayin infoma, ko burga ce kawai a zauren WhatsApp domin a ce shi ya riga kowa ji, gawar da za a ɗauko ba ta san bambanci ba. Ina roƙon matasanmu da babbar murya: in kun ga ayarin sojoji ya ratsa garinku, ku bar wayar a aljihu.

Akwai kuma wanda ke tsakani, mai wuyar yanke hukunci. Ranar 6 ga Janairu, 2019, jaridar Daily Trust ta buga labarin shirin sojoji na ƙwato garin Baga. A ranar sojoji suka mamaye ofisoshinta a Maiduguri da Abuja, suka tafi da ma'aikata da kwamfutoci, suna cewa an karya Dokar Sirri, har sai da fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin su janye. A ganina damuwar sojojin tana da tushe, domin bayyana shirin yaƙi kafin a aiwatar da shi na iya jefa 'ya'yan mutane cikin kwanton ɓauna. Sai dai wanda ke ganin an yi masa laifi ba shi ne zai zama alƙali ba. A kai kotu, a nuna cutarwar da aka yi, a bar wanda ake zargi ya faɗi dalilinsa. Ko a Amurka ba su gama warware wannan ƙulli ba: an yi watsi da tuhumar Daniel Ellsberg a 1973 bayan ya fitar da takardun yaƙin Biyetnam, an yanke wa Chelsea Manning shekara 35 a 2013 kan irin wannan fallasa, sannan Shugaba Obama ya sassauta hukuncin a 2017.

Wasu dattawa kan ce mini, "Barista, ai rufin asiri ibada ne." Haka ne, Baba, kuma da shi aka raine mu. Amma asirin da aka hore mu da rufewa na ɗan'uwa ne da ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya cinye takin marayu da zawarawa haƙƙin wasu ya ɗauka, yin shiru a kansa taya shi ɗauka ne.

Ga ma'aikacin da ya sami kansa a irin halin malamin gonan nan, abin da nake gaya masa ke nan. Kada ka saci fayil ɗin, kada ka yaga, kada ka ƙara ko ka goge ko da harafi ɗaya, domin nan ne ake kama mutum da laifin da babu dokar da za ta fitar da shi. Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka nemi lauya kafin ka nemi Facebook. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, akwai ICPC da EFCC, ka fara da su, ka kuma riƙe shaidar cewa ka kai. In ta kai ga ɗan jarida, ka rufe lambobin waya da na asusun bankin talakawan da ke cikin jerin, ba su ne suka yi laifin ba, kuma Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 ta hana watsa su. Ka tsaya a kan abin da takarda ta nuna, ban da zagi da ƙarin gishiri, saboda da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ake yawan kama masu rubutu.

Ba zan ɓoye maka ba, kariyar da ke rubuce ba ta hana a jefa ka wani lungu da sunan canjin wurin aiki, ko a riƙe maka ƙarin girma. Shirin tona asirin ɓarayin gwamnati da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a watan Disamba na 2016, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, manufa ce ta gwamnati, ba cikakkiyar dokar da ke tsare aikin mutum da rayuwarsa ba. Wannan giɓi ne da ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu a kansa duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a.

Shi ya sa na fi son nauyin ya sauka daga kan ƙaramin ma'aikaci ya koma kan masu haƙƙin. Ƙungiyar manoma ko ta ci gaban gari tana iya rubuta wa ƙaramar hukuma ta nemi jerin rabon taki ko takardun kwangilar rijiya, ba tare da ta faɗi dalili ba. Kwana 7 doka ta ba su su amsa. In sun ƙi, kuna da kwana 30 ku garzaya kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya je da kansa ya faɗa da baki, kuma wajibi ne jami'in ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafinta ya tafi da shi gida.