Hular Gashi da Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga Hamadar Sahara, ta lulluɓe Kano da ƙura. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito, gashi kuma ya bushe.

A Unguwa Uku, kusa da tashar mota, akwai wata mai kitso. Ran nan wata matafiya, za ta bikin ƙanwarta, ta kawo mata hular gashin mutum wadda ta saya da tsada. Duk ta cukurkuɗe, da an sa mataji sai gashin ya kakkarye.

Mai kitso ta ce, "Baiwar Allah, gashin kanki yana da saiwa, fata tana ba shi maiƙo. Wannan kuwa askakke ne, watakila tun daga Indiya. Ba abin da ke ciyar da shi."

Ta wanke hular da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ta shanya a inuwa. Sa'an nan ta shafa mata man kaɗe ɗan kaɗan, gama in ya yi yawa ƙura yake kamawa. Ta soma tajewa daga bakin gashin, a hankali, har sama.

Da za su rabu ta ce, "Ki naɗe ta cikin ƙyalle, kada kuma ki kai ta kusa da kaskon wuta."