DUKANSU MUSULMI NE, TO WA ZAN ZAƁA? Darasi kan auna ɗan takarar majalisa

 

Bayan sallar Isha'i a makon jiya, wani matashi cikin ɗalibanmu ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, kullum ana ce mana mu zaɓi wanda zai kare addini. To a mazaɓarmu mutum huɗu ne ke neman majalisar wakilai, dukansu Musulmi ne, dukansu alhazai ne, biyu ma sun gina masallaci. Wa zan zaɓa?" Na ce masa suna kam ba zai ji daga bakina ba, domin masu bi na salla kowa da jam'iyyarsa. Amma zan ba shi mudu ya je ya auna da kansa. Mudun ne nake son mu duba tare, tun da 2027 ta kusanto.

Mu fara da laifinmu. Zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna muna yi masa muhawara har abokai su ɓata. Amma da an miƙo takardar majalisa, sai mutum ya dangwala "sak", bai ma san sunan wanda ya zaɓa ba. Mutum nawa guguwar 2015 ta kwasa ta kai Abuja, waɗanda da a ce su kaɗai suka tsaya ko akwatin ƙofar gidansu ba za su ci ba? Alhali sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 su ne ke rubuta dokar da alƙali zai yi maka hukunci da ita, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su ne kuma tsarin mulki ya ba ikon kiran minista ko shugaban hukuma su titsiye shi. Jihar Kano kaɗai tana tura wakilai 24 da sanatoci 3. Wannan ba ƙaramar murya ba ce, in da ana amfani da ita.

Wanda yake ganin majalisa wasa ce ya tuna 2006, lokacin da majalisar dattawa ta binne maganar tazarce. Ya tuna dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014, duk da matsin lambar ƙasashen Turai da Amurka. Ya kuma tuna ƙudurorin haraji da aka kai majalisa a ƙarshen 2024. A ciki akwai tsarin rabon harajin kayayyaki da gwamnonin Arewa suka ce zai cuci jihohinsu, akwai kuma sashen da malamai suka ji tsoron zai taɓa dukiyar gado. Ba a masallaci aka gyara waɗannan ba, a kwamitocin majalisa aka yi, kafin a sa hannu a watan Yunin 2025. To ranar da ake wannan tata-ɓurzar, naka wakilin yana ina? Ya karanta ƙudurin kuwa?

Mudun da shari'a ta ba mu ba boyayye ba ne. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da siffa biyu: ƙarfi da amana. Annabi Yusuf (AS) da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, shi ma abu biyu ya ambata, tsarewa da sani. A kan waɗannan biyun Ibn Taimiyya ya gina bayanin shugabanci a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya.

A nan ne da yawanmu muke zamewa, muna ɗaukan mutumin kirki shi ne ya cancanci kowace kujera. Abu Zarr (RA), wanda kowa ya san gaskiyarsa da gudun duniyarsa, ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi aikin mulki. Annabi ya hana shi, ya gaya masa yana da rauni, abin kuma amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Hadisin yana cikin Muslim. Ka ga ba imaninsa aka soka ba, dacewarsa da wannan aikin aka duba. An kuma ruwaito cewa an tambayi Imam Ahmad kan mutum biyu a jagorancin yaƙi, ɗaya mai ƙarfi ne amma mai saɓo, ɗaya salihi ne amma rarrauna. Ya zaɓi na farko, da hujjar cewa ƙarfinsa jama'a za su amfana da shi, saɓonsa kuma a kansa yake, shi kuwa na biyu salihancinsa nasa ne, rauninsa kuma jama'a zai kwana a kai.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ruga ya ce malam ya halatta zaɓen ɓarawo in dai ya iya magana. A'a. Shi Ibn Taimiyya ɗin ya ce in aikin na tsare dukiya ne, mai amana ake gabatarwa. Kujerar majalisa kuwa ta haɗa duka biyun, akwai fafatawa a zaure, akwai kuɗi a kasafi. Don haka dole ka auna kowanne daban.

Menene ƙarfi a majalisa? Ba yawan 'yan rakiya ba ne, ba kuma jiniya ba. Shi ne mutum ya iya zama da ƙuduri mai shafi ɗari biyu da Turancin lauyoyi, ya gano layi ɗaya da zai cutar da mutanensa. Ya iya miƙewa ya yi bayani a fahimce shi. Ya kuma iya jawo takwarorinsa na Kudu da waɗanda ba Musulmi ba, domin doka ba ta wucewa da ihu, da rinjaye take wucewa. Misali a nan shi ne kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a. Tun 1978 ake wannan jayayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren tsara tsarin mulki a kanta. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita huruminsu ga abin da ya shafi aure, gado, wasiyya, waƙafi da makamantansu. A 2024 an sake kai ƙudurin faɗaɗa wannan a majalisar wakilai, ya faɗi. Gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku a majalisun biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Saboda haka ɗan takarar da ya hau duro ya ce da ya je Abuja zai kawo muku shari'a, tambaye shi da ƙuri'un wa? In ya yi shiru, ko dai bai san aikin ba, ko ya raina muku hankali.

Amana kuwa ta fi sauƙin bincike fiye da yadda muke zato, musamman ga mai neman komawa. Kowace shekara ana ware kuɗin ayyukan mazaɓu. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma, ba tare da talaka ya ga tasirinsu ba. Hukumar ICPC tana bin sawun waɗannan ayyuka tana fitar da rahoto, akwai kuma shirin Tracka da ke wallafa abin da aka sa wa kowace mazaɓa. Matasa, datar da kuke ƙonawa a zagin juna ta isa ku nemo wannan. Ku ɗauki jerin, ku hau babur ku je ku gani da ido: rijiyar burtsatsen tana ba da ruwa? Ajin da aka rubuta yana da rufi? Ku kuma lura, in kasonsa duk ya ƙare a "tallafi" da "horarwa", wato abin da ba ya barin gini a ƙasa, to a ƙara sa ido.

Wahala ɗaya ita ce yawancin ƙuri'u a majalisarmu da murya ake yi, a ce masu "e" sun yi rinjaye a buga guduma, ba ka san wa ya ce me ba. Sai ka koma ga abin da ake iya gani: ƙudurorin da ya kai, ƙorafin gaggawa da ya gabatar lokacin da aka kai wa garuruwanku hari, kwamitin da yake ciki. Kafar OrderPaper tana fitar da irin wannan lissafi. Amma kada yawan ƙuduri ya ruɗe ka. Ƙuduri ɗaya da ya zama doka, irin wanda ya kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, ya fi talatin da suka mutu a karatun farko.

Sabon ɗan takara fa, wanda bai taɓa riƙe kujera ba? An ruwaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Umar (RA), sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi. Da ya ce a'a, Umar ya ce wataƙila a masallaci kawai ya gan shi yana ruku'u da sujada, don haka bai san shi ba. To ku tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da waɗanda suka bi shi bashi. Ku duba takardun da INEC ke liƙawa na 'yan takara. Wa ya tsaya masa, me zai biya ubangidan da shi? Sannan ku kalli yaran da ke bin motarsa. Wallahi wanda ya saya wa 'ya'yan talakawa ƙwaya don su yi masa jagaliya, nasa suna karatu a waje, ya riga ya amsa tambayar amana tun kafin a yi masa ita.

Kuma mu daina taƙaita "matsalar Musulmi" ga abin da ke ɗauke da sunan addini kawai. Hijabi matsalarmu ce, sai da aka kai Kotun Ƙoli kafin a 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata a Legas haƙƙinsu. Kuɗin kujerar hajji matsalarmu ce. Amma malaman usul sun ce shari'a ta zo ta tsare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Manomin Zamfara da ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, da mutanen Tudun Biri da jirgin soja ya hallaka suna taron Mauludi a Disambar 2023, da mai naƙuda da ta rasu a hanya don babu asibiti kusa, duk suna cikin wannan lissafi.

'Yan'uwanmu na Filato, Taraba, Kudancin Kaduna da Kudu sukan tambaya: in babu Musulmin da zai iya ci fa? Ku tuna Annabi (SAW) ya tura sahabbai Habasha saboda sarkinta ba a zaluntar kowa a wurinsa, alhali a lokacin Kirista ne. Da wani ya taso zai ƙwace mulkinsa, nasararsa sahabban suka yi fata. Ku haɗa kanku, ku zauna da 'yan takarar, ku kai buƙatunku a rubuce, filin maƙabarta ne, malaman addini a makarantu ne, diyyar rikici ce, ku zaɓi mafi adalci. Ƙaurace wa zaɓe ba ya hana a yi doka a kanku.

Saura mu malamai. A zaɓen da ya wuce wasu sun zo mini da maganar sa wa masallacinmu sola, sharaɗin kawai in ambaci mai gidansu a addu'ar Juma'a. Ba zan ɓoye muku ba, zafin watan Afrilu ya sa na yi jim kafin na ba da haƙuri, kuma har yau cikin kwamitin masallaci akwai mai jin haushina. Amma in na karɓi sola, da wane baki zan hana tsohuwa karɓar taliya da sabulu? Ƙuri'a shaida ce, kana cewa wannan ya cancanta. Hadisi kuma ya zo a Bukhari da Muslim kan mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya yi mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. Kada kuma ka ce in ya ƙi aiki ma yi masa kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, a wurin tantancewa abin ya rushe.

Shi ɗalibin nawa na ba shi aikin gida: ya rubuta sunayen mutum huɗun a takarda, ya ja layi biyu, ƙarfi da amana, kada ya rubuta komai a ƙarƙashinsu sai abin da ya gani ko amintacce ya shaida masa. Ya ce zai kawo mini bayan sallar Juma'a. Wanda ya yi irin wannan a tasa mazaɓar ya turo mana abin da ya samu, ba tare da zagi ko ƙazafi ba.

Wallahu a'alam.