Muhawarar Mataimaka da Yadda Ya Kamata a Saurare Ta

Ran Juma'a 14 ga Disamba 2018, da dare, mutum biyar suka jeru a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja, kowannensu yana neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Akwai Farfesa Yemi Osinbajo na APC, wanda yake kan kujerar a lokacin. Akwai Peter Obi na PDP, tsohon gwamnan Anambara, abokin takarar Atiku Abubakar. Sai Hajiya Umma Getso ta YPP, da Hajiya Khadija Abdullahi-Iya ta ANN, da Alhaji Ganiyu Galadima na ACPN. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wato BON, tare da ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe ta NEDG, su suka kira zaman. Masu neman shugabancin ƙasa a wancan zaɓe sun kai 73, amma jam'iyyu biyar kaɗai aka gayyata, abin da ya sa wasu daga cikin waɗanda aka bari a waje suka yi ta ƙorafi.

Daga Jere, a Jihar Kaduna, zuwa wannan otal ba wata tafiya ba ce, mai mota zai je da hantsi ya dawo ya sami la'asar a gida. Amma kafin maganar da aka yi a can ta iso kunnen manomi a Jere ko Kagarko ko Kwoi, ta bi ta bakuna da yawa, kowane baki kuma ya rage wani abu ya ƙara wani.

Gari na wayewa tambaya ɗaya ce ke yawo a teburin mai shayi da tasha da cikin wayoyi: wa ya ci? Kamar dai an tashi daga filin dambe, kowa na kirarin ɗan wasansa, ko da shi aka kai ƙasa. Mutanen APC suka ce Farfesa ya koyar da karatu. Mutanen PDP suka ce Obi ya rufe shi da lissafi. Sauran ukun kuwa, musamman matan nan biyu 'yan Arewa, ba a ba su ko rabin kunne ba, sai dai a yi zancen yadda wance ta yi in'ina ko yadda wane ya riƙa duba takarda. Akwai kuma kashi na uku, masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, mataimaki ai ɗan rakiya ne, mai gida ake zaɓa. Da waɗannan za mu fara, domin a duk faɗin Nijeriya babu wanda bai kamata ya faɗi wannan magana ba kamar mutumin Jihar Kaduna.

Sau uku a jiharmu

A watan Yuni 1981 Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, shi ya hau ya ƙarasa wa'adin. Wannan ɗaya ke nan.

Ran 5 ga Mayu 2010 Allah ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa. Washegari aka rantsar da mataimakinsa, Goodluck Jonathan. Shi kuma ya ɗauko gwamnan Kaduna, Namadi Sambo, ya zama mataimakinsa. Kujerar gwamna ta zama babu kowa, sai ta faɗo wa mataimakin gwamna, Patrick Ibrahim Yakowa, mutumin Fadan Kagoma a ƙaramar hukumar Jama'a, wanda ya zama ɗan kudancin Kaduna na farko da ya mulki jihar a matsayin gwamnan farar hula. Duba ka gani, ya kai mai karatu: rasuwar mutum ɗaya a Abuja ta ɗaga mataimaka biyu cikin mako biyu. Yakowa ya tsaya zaɓe da kansa a 2011 ya ci, sannan ran 15 ga Disamba 2012 ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa. Mataimakinsa, Mukhtar Ramalan Yero, ya zama gwamna.

Ba sa'a ba ce, ba kuma alfarma ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 146, ya ce idan shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimaki ne zai hau, ba tare da an sake kiran kowa rumfar zaɓe ba. Ke nan ranar da ka dangwala wa shugaba, ka riga ka dangwala wa magajinsa, ko ka san sunansa ko ba ka sani ba.

Ko mai gida yana raye ma, mataimaki ba zaman kashe wando yake yi ba. Shi ke jagorantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama. Yana cikin Majalisar Tsaro ta Ƙasa. Shi ke shugabantar majalisar gudanarwar hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA, wadda ƙauyukan kudancin Kaduna da rikici ya tarwatsa suka san amfaninta, suka kuma san zafin jinkirinta. A 2017, lokacin da Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana ɗari yana jinya a Landan, Osinbajo ne ya riƙe ƙasa, har shi ya sa hannu a kasafin kuɗin shekarar.

Abin mamaki, mu nan mun iya gardama a kan mataimaki, amma gefe ɗaya kawai. Da Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, a ƙarshen 2018, an yi watanni ana ce-ce-ku-ce a kan addininta da yankinta. Haka aka sake yi a ƙasa baki ɗaya da Bola Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima a 2022. Ba laifi ba ne jama'a su nemi a dama da su a rabon muƙamai, wannan haƙƙi ne. Laifin shi ne a tsaya nan, a ƙi tambayar me mutumin ya sani, me kuma zai yi idan nauyin ya faɗo kansa.

Maganar man fetur

A cikin duk abin da aka faɗa a daren nan, babu wanda ya taɓa aljihun talaka kamar batun tallafin mai, kuma shi ne aka fi saurin mantawa da shi. A lokacin lita tana naira 145, farashin da aka tsayar tun Mayu 2016. Man da muke sha a wancan lokaci daga waje ake shigo da mafi yawansa, kuɗin sayensa da kawo shi ya wuce naira 145, gwamnati ce ke cike giɓin. Wannan ciko shi ake kira tallafi.

Obi ya ce ɓarnar kuɗi ce, gara a kai su ga asibiti da makaranta. Osinbajo ya ce idan aka cire, lita za ta iya kaiwa naira 220, talaka kuma shi zai ji a jikinsa. Kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya. A lokacin kuɗin tallafi suna da yawa ƙwarai, kuma ba duka ke isa ga talaka ba, wani man ma tsallakar da shi ake yi zuwa maƙwabta. Amma kuma manomin citta da zai kai buhunansa kasuwa, da ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da mai ban ruwa da injin a fadama, duk da fetur suke numfashi.

Me ya biyo baya? Kafin zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun ce za su cire tallafin. Ran 29 ga Mayu 2023, a jawabin rantsuwarsa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, daga baya ta wuce nan nesa. Kada a yi wa Farfesa rashin adalci a ce lissafinsa ya kuskure, domin ya yi shi ne lokacin da dala take wajen naira 360. Abin lura shi ne jam'iyyar da ɗan takararta ya kare tallafi a 2018 ita ce ta cire shi bayan shekara huɗu da rabi. Wanda ya saurari muhawarar nan da kunnen basira ya sami gargaɗi tun da wuri cewa abin yana tafe. Tambayar da ta kamace shi ya riƙa yi wa duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a ita ce: in an cire, ina kuɗin za su je, wa zai ƙirga su, da me za a rage mana kuɗin mota da na taki? Maimakon haka sai aka shagala da wa ya fi wani iya baki.

Maganar da ta fi yawo daga muhawarar ita ce ta kanti. Obi ya ce yaƙi da cin hanci ba tsarin tattalin arziki ba ne, mutum ba zai kulle kantinsa ya tafi bin ɓarayi ba. Osinbajo ya mayar masa cewa in ka bar ɓarayi suka kwashe kayan, ai babu sauran kanti. Aka tafa wa wannan, aka tafa wa wancan. Magana ce mai daɗin ji, sai dai ka juya ta yadda kake so, ba za ka sami adadin masana'antar da za a farfaɗo da ita ba, ko sunan matakin da za a ɗauka a kan ɓarawon gwamnati. Irin wannan magana an shirya ta ne don a yanko ta a tura a waya.

Lissafi ba ya zama gaskiya don an faɗe shi da ƙarfi

Yawan ambaton alƙaluma yana ruɗar mai sauraro, ya ɗauka mai magana ya san komai. A wannan dare Obi ya ce motoci miliyan biyu ne kawai a Nijeriya. 'Yan jarida masu bin diddigi suka duba rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, suka tarar adadin ya haura miliyan 11. Shi kuma Osinbajo ya riƙa komawa kan shekara 16 na mulkin PDP, kamar ba a aza ko tubali ɗaya ba a cikinsu. Mutumin Jere ba ya buƙatar jarida ta warware masa wannan, tunda layin dogon Abuja zuwa Kaduna ta ƙasarsa ya ratsa, har da tasha. Da idonsa ya ga ana aikin a zamanin Jonathan, da idonsa ya ga jirgi ya fara jigila bayan Buhari ya buɗe shi a Yuli 2016. Duk jam'iyyar da ta ce aikin nata ne ita kaɗai, rabin labari ta bayar. Haka za ka yi da kowace da'awa: fara auna ta da abin da ka gani a garinku, in ta faɗi a nan, yi hattara da sauran.

Sannan a sani, da Turanci aka yi muhawarar, a talabijin, da dare, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari. Mafi yawanmu ba mu ji ta daga tushe ba. Wani ya ji taƙaitawa a sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka ko Rediyon Tarayya na Kaduna, wannan da sauƙi. Wani kuwa ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa talatin ya gani a WhatsApp, wanda wani ɗan jam'iyya ya yanke daidai inda abokin hamayya ya yi tuntuɓen harshe. In an turo maka irin wannan, tambayi me aka faɗa kafin nan, me aka faɗa bayan nan. Malaman makaranta da ɗaliban da suka ji Turanci, nauyi ne a kanku ku fassara wa iyayenku abin da kowane ɓangare ya ce, har da wanda ba ku so.

Cin muhawara kuma ba shi ne cin zaɓe ba. A Maris 2011 an yi muhawara tsakanin Buhari da Nuhu Ribaɗu da Malam Ibrahim Shekarau, Jonathan bai zo ba. Jama'a da yawa suka ce Shekarau ne ya yi fice, amma da aka ƙirga ƙuri'u shi ya zo na huɗu. Ran 19 ga Janairu 2019 kuwa, da aka kira iyayen gidan mataimakan nan biyar, Buhari bai halarta ba, Atiku ya iso wurin ya ce ba zai hau ba tunda shugaban ba ya nan. Babu dokar da ta tilasta wa ɗan takara zuwa. Kwanaki kaɗan bayan haka Oby Ezekwesili ta janye daga takarar shugaban ƙasa, jam'iyyarta ta ACPN, wadda Galadima ya tsaya yana yi wa magana a Disamba, ta koma bayan Buhari.

Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya zuciyar mai shirin ɓatawa da maƙwabcinsa saboda ɗan siyasa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Kafanchan da Zonkwa bayan zaɓen Afrilu 2011, rayukan da aka rasa da kasuwar da ta ƙone, ba sa buƙatar a tuna musu inda zafin gardamar zaɓe ke kaiwa idan aka zuba masa addini da ƙabila. Yi gardama a majalisa, kawo hujjarka, in an kira salla ko lokacin coci ya yi a tashi ana dariya.

Abin da ya fi kusa da hannunmu

Abuja ta yi mana nisa a wannan fanni, amma shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha suna kusa. An riga an ga cewa muhawara da Hausa tana yiwuwa, domin sashen Hausa na BBC ya shirya wa masu neman gwamna irinta a wasu jihohin Arewa a 2019 da 2023. Babu abin da zai hana ƙungiyoyin ci gaban gari, da na manoma, da na mata, da limamai da fastoci, su haɗu su kira 'yan takarar Kagarko ko Jaba ko Jama'a zuwa ɗakin taro guda, kowa ya zo da mataimakinsa, a ba mataimakin nasa lokacin shi ma ya yi magana da bakinsa.

Tambayoyin ba sai an je nesa ba. Hanyar da ta tashi daga Jere ta bi Kagarko da Kwoi zuwa Kafanchan, wa ke da alhakinta, me ɗan takara zai yi a kanta? Cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023, ina iri mai lafiya zai fito? Masu satar mutane da suka hana noma a dazukan da ke gefen hanyar Abuja, wane tanadi aka yi wa ƙauyukan? A sa sakataren ƙungiya ya rubuta amsar kowa a littafi, da kwanan wata, ɗan takara ya sa hannu a ƙasa. Ranar da ya dawo neman wa'adi na biyu, a fara karanta masa shafin a gaban jama'a kafin a miƙa masa lasifika.