Yawo da Kare a Kan Tsaunukan Alli na Kudancin Ingila

A kudancin Ingila, tsakanin garin Seaford da Eastbourne, akwai jerin tsaunukan alli farare fat da suka tsaya a bakin teku, ana ce musu Seven Sisters. Hanyar ƙafa ce ta bi ta kansu, babu mota, babu hayaniya, sai gajerar ciyawa da tumaki da iskar ruwa. Mutanen wurin sukan fito da karnukansu tun da sassafe, a hau tudu a gangara, har a kai tsaunin Beachy Head, wanda tsayinsa ya kai mita 162. Ba a hana kowa zuwa da kare ba, amma akwai ƙa'idoji, kuma wajibi ne baƙo ya san su.

Babban abin tsoro shi ne bakin gaɓar. Alli ba shi da ƙarfin dutse. Teku na cin gindinsa, ruwan sama na shiga tsagoginsa, sai ka ga ciyawa shar a sama alhali ƙarƙashinta wayam ne. Wanda ke shakka ya dubi Belle Tout, tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa: a 1999 sai da aka ɗaga ginin gaba ɗaya aka ja shi baya mita 17, don gaɓar ta kusa cin ta. To, in gini ya ja da baya, ina dalilin mutum ya matsa don ɗaukar hoto? Kare kuwa in ya hango zomo ko tsuntsu, ba ya duban gabansa. Saboda haka a riƙe shi da igiya. In tsautsayi ya sa ya faɗa, kada mai shi ya bi shi. A buga 999 a nemi masu gadin gaɓar teku.

Akwai kuma haƙƙin makiyaya. A filayen da doka ta buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole igiyar kare ta zama gajera, kada ta wuce mita 2, domin lokacin ne tsuntsaye ke ƙwai a cikin ciyawa. Kusa da tumaki kuwa, kowane wata ne. Karen da ya kori tunkiya mai ciki yana iya sa ta ɓari, kuma doka na iya kare manomin da ya harbe shi. Amma in shanu ne suka taso muku, a saki igiyar. Kare ya fi ka gudu.

Kashin kare a kwashe shi a leda a kai kwandon shara. Masu rataye ledar a jikin shinge su wuce, ban san wa suke bar wa aiki ba.

Kai kuma ɗan'uwa da karatu ko aiki ya kai ka can, ba ka saba da kare yana shinshinar ƙafarka ba, kada ka ruga, kada ka sunkuya neman dutse. Tsaya cik, ka ce wa mai shi ya kira abinsa. Zai kira shi, galibi har da ba da haƙuri.