Inda Kwamfuta Ke Fara Dubawa Idan An Kunna Ta

Idan ka kunna kwamfuta, akwai wata ƙaramar manhaja a cikinta da ke riga Windows farkawa. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi kuma UEFI, amma masu gyara har yau BIOS suke ce wa duka biyun. Aikinta shi ne ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama.

Tana da jerin wurare da take bi ɗaya bayan ɗaya. In ta leƙa na farko ta samu abin da take nema, shi ke nan, ba ta duba na biyu. Galibi ma'ajiyar cikin kwamfutar ce a gaba. Shi ya sa mutum zai soka filash mai ɗauke da sabuwar Windows ko Ubuntu, ya kunna, sai tsohuwar ta buɗe kamar bai yi komai ba. Filashin lafiyarsa ƙalau, layi ne bai zo kansa ba.

Ga yadda za ka sa ta fara da filashin. Kafin ka taɓa komai, kwashe hotunanka da takardunka ka adana su a wani wuri, domin ɗora sabuwar manhaja na iya shafe su. Filashin Windows kada ya gaza gigabait 8, kuma sai an shirya shi da manhaja irin su Rufus. Jefa fayil ɗin Windows ciki kawai bai isa ba. Ka kuma jona caja, kada batir ya ƙare ana tsakiyar aiki.

Yanzu soka filashin, ka kunna. Da zarar tambarin kamfani ya bayyana, ka riƙa danna maɓallin da ya dace, a kai a kai. A Dell da Lenovo, F12 ne. A HP, Esc sannan F9. Idan Windows ta riga ka, sake kunnawa ka gwada. Kowa ya taɓa makara a nan.

Ɗan jeri zai fito. Sauka da kibiya zuwa inda aka rubuta USB ko sunan filashinka, ka danna Enter. Wannan hanyar na fi so ga mai koyo, domin zaɓin na sau ɗaya ne, ba ya canza komai na dindindin.

Idan ba ta yiwu ba, sai ka shiga BIOS ɗin kanta: F2 a Dell, F10 a HP. Nemi shafin da aka rubuta Boot, ka mayar da filash saman jerin. Maɓallan yin haka suna rubuce a gefen allo ko a ƙasansa. A yawancin na'urori F10 ne ke adana canjin. Abin da ba ka gane ba, don Allah ka bar shi yadda ka same shi.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Bayan an gama kwafe fayilolin sabuwar manhajar daga filash, kwamfutar za ta sake kunna kanta. In har filash ne a saman jeri, tana iya komawa farkon aikin. Zare shi a daidai lokacin da allon ya yi duhu, sai ta ci gaba daga ma'ajiyar ciki.

Idan kuwa ka ga kwamfutar tana manta jerin, agogonta ma yana ɓata, ɗan batirin cikinta ne ya mutu. Kamar kwabo yake, lambarsa galibi CR2032, mai gyara zai canza maka shi.