Gobarar Kasuwar Monday Market: Abin da Ya Wajaba a Kan Mai Shago

Da tsakar daren Lahadi, 26 ga Fabrairu, 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta tashi a babbar kasuwar Maiduguri da aka fi sani da Monday Market, ta laƙume shaguna da rumfuna masu ɗimbin yawa. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar agajin gaggawa na Naira biliyan 1. Sai dai agaji komai yawansa ba ya mayar da jarin da mutum ya yi shekaru yana tarawa, balle kayan da ya karɓo bashi daga Kano ko Legas.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya auna haɗarin shagonsa da kansa, kafin ya sa rai ga 'yan kwana-kwana. Farkon abin dubawa shi ne inda wuta ka iya tashi. A kasuwanninmu yawanci wayar lantarki ce: layi guda da aka ɗora wa fanka, firji da dutsen guga, ga haɗin da wani yaro ya yi da salatif. Mai shago ya rufe ya tafi gida ba a kawo wuta ba, ya manta bai kashe komai ba. Cikin dare a kawo ta da ƙarfi, waya ta yi zafi ta narke, babu kowa a wurin. Kashe babban makunni kafin a sa kwaɗo ba ya cin ko kwabo.

Sai kuma abin da wutar za ta ci. Atamfa, katifa, robobi da jarkar fetur ta janareta bai dace su kwana wuri guda ba, musamman da hunturu, lokacin da komai ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. A tanadi tukunyar kashe wuta mai hoda da bokitin yashi, a koya wa yaran shago amfani da su, domin watsa ruwa a kan wutar fetur yaɗa ta yake yi, a kan ta lantarki kuwa yana iya halaka mai watsawar.

Hanya kuma alhakin shugabannin kasuwa ce. Duk teburin da aka kafa a tsakiyar layi, ko da kuwa ana karɓar kuɗin haya a kansa, shi ne zai tare motar kashe gobara a bakin ƙofa ranar da ake neman ta.