Yadda Kamfanin Waya Ke Sake Gano Mai Layi Bayan Na'ura Ta Lalace

Gabatarwa

Idan kaka ta yi, 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Malumfashi sukan yi lodin masara zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, wasu kuma har Maraɗi. Duk inda suka sauka, kiran da aka yi musu daga gida yakan same su. Tun da wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta 2001 aka saba da haka, har ba a cika tambayar dalili ba. Wannan darasi zai bayyana inda ake adana bayanan mai layi, da abin da ke faruwa idan na'urar da ke riƙe da su ta lalace.

Kundaye Biyu

Tsarin GSM ya dogara ne kan kundaye biyu na kwamfuta. Na farko shi ne kundin asali, wanda injiniyoyi ke kira HLR. A cikinsa akwai lambar shaidar kowane layi, wadda ba ta wuce alƙaluma 15; ta Nijeriya tana farawa da 621, ta Nijar da 614. Akwai kuma ayyukan da aka yarje wa layin, da yankin da yake a halin yanzu.

Na biyu shi ne kundin baƙi, wato VLR, wanda ke haɗe da cibiyar haɗa kira ta kowane yanki. Matsayinsa kamar na fatoma ne: yana rubuta baƙon da ya sauka, ya aika wa garinsu labari, sannan ya karɓi kwafin bayanansa daga can. Saboda haka duk kiran da aka yi sai an tambayi kundin asali, shi kuma ya nuna masaukin.

Idan Kundin Baƙi Ya Lalace

Ƙa'idar da ake kira GSM 03.07 ta tsara yadda ake farfaɗowa. Kundin baƙi yakan tashi babu komai a cikinsa, kuma ta hanya biyu yake sake cika. Ta farko, kowace waya takan sanar da kanta lokaci-lokaci ko da ba a taɓa ta ba. Da zarar ta yi haka sai a nemi bayananta daga kundin asali. Ta biyu, idan kira ya riga zuwa, sai kundin baƙi ya buɗe sabon shafi, ya roƙi bayanai daga gida, sannan cibiya ta yi cigiyar wayar a dukkan yankinta, tun da ba ta san ɓangaren da take ba.

Idan Kundin Asali Ya Lalace

Wannan ya fi haɗari. Ana ajiye kwafinsa a ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, amma kwafin na iya zama tsohon labari: ya ce ɗan kasuwa yana Funtuwa alhali ya isa Kano. Don haka da ya farfaɗo sai ya aika wa kundayen baƙi sanarwa, su kuma su yi wa layukansa alamar cewa ba a tabbatar da mazauninsu ba. Duk wayar da ta motsa, sai a gyara bayaninta. A ranar 6 ga Yuli 2012 irin wannan matsala ta sami kamfanin Orange a Faransa, inda layuka kimanin miliyan 26 suka yi sa'o'i ba sa aiki.

Misali Daga Gida

Cikin watan Satumba 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Turakun sadarwa aka kashe, kundayen ba su lalace ba. Da kundin baƙi ya daina jin wayoyin, sai ya ɗauke su a matsayin rufaffu. Amma bayanansu suna nan a kundin asali, shi ya sa wanda ya fita zuwa garin da ke da sadarwa layinsa ke komawa aiki nan take.

Kammalawa

A tsarin 4G sunayen na'urorin sun sauya, amma ƙa'idar tana nan: a tsare kundin asali, kuma kada a amince da bayanin da ba a tabbatar ba. Ya kamata a lura cewa kashe waya a sake kunna ta yana sa ta sanar da kanta nan da nan, abin da kan hanzarta dawowar layi bayan an gama gyara.

Tambayoyi

1. Me ya sa lalacewar kundin asali ta fi ta kundin baƙi haɗari?
2. Ta waɗanne hanyoyi biyu kundin baƙi ke sake cika?